Tumakin Inna a Hanyar Kudu

Da sunan Allah nake farawa, mai sakin ruwa lokacin da ya so, mai riƙe shi lokacin da ya so. Zuwa ga Babana, bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka. Allah ya sa takardar nan ta same ka a inuwa, ƙafarka lafiya, salkarka da ruwa. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya, na mutum da na dabba.

Ka san ni da kai ba mu iya doguwar magana ido da ido. Kai ne ɗan fari, ga kuma sunan mahaifina a kanka. In na buɗe baki zan gaya maka abu mai nauyi sai harshena ya ƙi, in ɓuge da tambayarka ko an ba jaki ruwa. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ba mahaifiyarka ta cusa maka a burgami, in ka yi zango ka karanta a tsanake.

Abin da kake korawa zuwa gidan kawunka Sale, can bayan Magarya, shi ne ƙarshen tumakin kakarka Inna. Ko ɗaya ban bari a gida ba, don babu abin da zan ba ta. Gero bai yi ba, harawa babu, gawon bakin rijiya an kakkaɓe shi har ya gaji. In suka ƙare a hannunka, irin ya ƙare ke nan. Da gwiwata tana kai ni da ni zan tafi. Tunda ba ta kai ni, bari in haɗa ka da guzurin wautata, ita kaɗai ce na samu da yawa a rumbu bana.

Lokacin ina kamar shekarunka gyaɗa tana kuɗi, damina kuma ba ta saɓa alkawari. Inna tana da waɗannan tumaki da ta zo da su daga gidansu a Garagumsa ranar da aka kawo ta, ita ma uwarta ce ta ba ta, wai asalinsu daga wajen Buzaye. Ba sai na kwatanta maka muninsu ba, ga su nan gabanka: dogayen ƙafafu, ciki a ɗame, launin ƙasa, wutsiya kamar igiyar guga. Ko me ka zuba musu ba ya nunawa a jikinsu. Ranar layya in an fito da raguna ƙofar gida, samari su riƙa yi mini tsiya, suna cewa, “Ilu, rago ne wannan ko barewa kuka kamo?” Abin ya riƙa ci mini rai, na kuwa bar shi ya ci.

Da na sayar da gyaɗata wata shekara, ban zame ko'ina ba sai kasuwar dabbobi ta Zinder. Na sayo wani farin rago Balami, hanci a lanƙwashe, kunnuwa har wuya, ƙirji yana rawa in yana tafiya. A kamyo, babbar motar kaya, na ɗauko shi zuwa Mirriya don dillali ya ce kada in wahalar da shi da tafiyar ƙasa. Ko wannan bai ishe ni ishara ba. Daga Mirriya zuwa gida sai da muka riƙa tsayawa gindin kowace bishiya, yana haki ina yi masa fifita da hulata, ni ga mai babban rago.

Inna ta fito ta zaga shi, ta ɗora hannu a gadon bayansa, ta shafa ƙirjin, sannan ta goge hannun a zanenta.

“Ilu, wannan baƙon naka me yake ci?”

“Abin da ƴan'uwansa ke ci, Inna.”

“Ba shi da ƴan'uwa a gidan nan,” in ji ta. “Wannan duk abin da ya mallaka a waje yake, kamar mutumin da ya sa rigunansa duka ranar kasuwa. Ka sake shi cikin naka in ka ga dama. Nawa dai ba zai hau su ba ina numfashi.”

Ta ware ƴan tumakinta da ɗan ragonta mai kama da barewa, ta sa aka kewaye musu da zana bayan ɗakinta. Ni kuwa na saki Balamina cikin waɗanda ta riga ta ba ni. Ƴaƴan da aka haifa, kai, sai wanda ya gani. Farare, manya, kowane dillali ya zo wucewa sai ya tsaya ya yi sallama. Na riƙa tafiya a gari kamar ni na halicce su. Cikin ƴan shekaru yawancin garkena ya zama jininsa.

To ga abin da nake so ka riƙe. Kawunka Sale yana da babban rago, kuma mutum ne mai hannu a sake. Ranar da ya ga tumakinka zai ji tausayinka, ya ce ka sake su cikin nasa su gyaru. Alheri yake nufi, kuma kai baƙonsa ne, tuwonsa kake ci, ba ka iya ce masa a'a kai tsaye. Ka ɗora laifin a kaina. Ka ce tsohon nan ne da taurin kai, ya sa ka rantse. Sale ya san ni, zai yi dariya ya zage ni, shi ke nan. Ka kafa musu turke nesa da nasa, in kuma kiwo ya haɗa su ka sa ido. Abin da rago ɗaya zai zuba maka a garke cikin damina ɗaya, ni na yi shekaru ina tsince shi ban gama ba.

Inna ta rasu kafin farin farko, wato karon farko da ruwa ya ƙi mu, lokacin kana goye. Allah ya ji ƙanta, bai nuna mata ba. Tumakinta na bayan ɗaki suka dawo hannuna. Da rumbu ya nuna ƙasa, ya zama dole in rage dabbobi in sayo hatsi, sai na tsaya bakin garke na yi lissafin da kowane wawa zai yi. Na ce masu ƙiba suna da abin da za su ci a jikinsu, su za su kai damina. Ramammun nan kuwa ko wata ba za su ƙara ba. Na tsince na Inna, na kora su wajen Ɗan Tani mahauci a Mirriya, abokina tun muna yara. Na dawo ina ganin na yi dabara.

Manyan da na riƙe su suka fara zubewa. Babban jiki babban ciki ne, abin da zai riƙe ta Inna yini guda su ko karin kumallo bai kai musu ba. Rijiya ta yi nisa, in an kora su can sai sun kwanta a hanya. Da rana ta take ka gan su baki a buɗe suna haki, sun kasa ko tuƙa. Ƙibar nan da nake taƙama da ita ta narke kamar man shanu a rana, fata ta saki tana lilo.

Ranar wata kasuwa na kai ɗaya da ta kasa tashi, a bayan jaki, don a yanka kafin ta mutu. Ɗan Tani ya yanka ta, ya feɗe, ya farke cikin, sannan ya yafito ni.

“Zo nan, mai Balami. Kalli ƙodarta.”

Ƙodar tana nan tsirara, ko ɗigon kitse babu. Ya fasa ƙashin ƙafa, ɓargon ya zubo kamar ruwan wanke nama. Sai ya ja hannuna zuwa wata da ya rataye tun da safe, ɗaya daga cikin na Inna da na sayar masa. Daga waje ƙashi da fata ce. Ya buɗe cikin, na nemi ƙoda ban gan ta ba, kitse ya binne ta, fari tas, tauri kamar sabulu. Wani kuma ya lulluɓe tumbin kamar mayafi.

“Ilu,” in ji shi, “ni dai na gode, na ci riba. Amma da tsohuwar nan tana da rai da ta bi ka da muciya har Birnin Zinder.”

Ɗan Tani mutumin kirki ne duk da bakinsa. Akwai ƴan kaɗan da bai kai ga yankawa ba, har da ɗan ragon, ya mayar mini da su, ya karɓi manyan a madadinsu, alhali ya san faɗuwa zai yi. Duk abin da ke gabanka yau daga waɗannan ya fito, sai ɗan jinin Balami da ya gauraya da su ta ƴan manyan da suka tsira. In Allah ya dawo da kai, kafin ka shiga gida ka biya ka gaishe shi.

Kai ma za ka kai inda dole ka sayar, hanya ba ta barin mutum da abin da ya fito da shi. In lokacin ya zo, ka fara da mai kyau. Akwai guda biyu-uku cikinsu da jinin Balamin nan ya ɓullo musu, ka san su, masu farin goshi da faɗin ƙirji. Su dillali zai so, su kuma ya kamata ka rabu da su. Kada ka yi zaɓe da ido da safe, kowace tunkiya da safe lafiyayya ce. Ka bari sai rana ta take. Wadda ka ga ta samu ƴar inuwa ta kwanta tana tuƙa, bakinta a rufe, wannan ka riƙe ta ko da haƙarƙarinta ana ƙirgawa. Wadda ke tsaye tana haki, kai a ƙasa, ta gaya maka abin da ke cikinta.

Abin nan ya daɗe yana damuna, har wata rana likitan dabbobi ya zo garinmu yin allura. Wani Bazabarme ne, muna kiransa Mushe Sumana, wato Malam Sumana da bakin Faransa, Hausarsa a karkace amma kansa a miƙe. Na tsare shi gindin gawo na ba shi labarin ƙodar nan biyu, na ce ko abinci ne ya bambanta su. Ya ce a'a, abinci yawan kitsen yake ƙarawa ko ya rage, amma inda jiki zai ajiye shi gado ne, yana cikin jini tun kafin a haifi dabba, rabi daga rago rabi daga tunkiya. Ya ce kowace ƙasa da inda tumakinta ke kafa rumbunsu. Ya tambaye ni ko ban taɓa jin alhazan da suka bi ta ƙasa suna labarin tumakin gabas masu wutsiya cike da kitse ba. Na ce na ji, na ɗauka ƙarin gishirin alhazai ne. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, kuma duk dabarar ɗaya ce da tozon raƙumi: a tara ajiya wuri guda, a bar sauran jiki sakayau don zafi ya samu hanyar fita. Kitsen da ke shimfiɗe ƙarƙashin fata bargo ne, mai amfani a ƙasar sanyi. Irin na Inna kuwa kakanninsu sun sha fari bayan fari, duk wadda ba ta iya ɓoye ajiya a ciki ba, sai ta mutu ba ta bar baya ba, waɗanda suka iya su suka haifi na yau.

Ya ƙara mini da cewa hali yakan kwanta a ɗa ya tashi a jika. Shi ya sa har yau farin goshin nan yake leƙowa. Na ce masa ashe Inna lakwal ta yi, makarantar boko, ban sani ba. Ya ce tsohuwarka ta gani da ido, mu kuma an nuna mana dalili, gara a haɗa biyun.

Kada ka ɗauka daga nan na yi hankali. Da ruwa ya dawo, tausayinsu ya kama ni, na ce sai na rama musu wahalar da suka sha. Na ɗaure su a turke kamar ragunan layya, dusa da safe, harawa da rana, ƙasarin kunu da yamma. Suka ci, ba su ce a'a ba. Shekara ta zagayo, ko ɗaya ba ta ɗauki ciki ba. Mahaifiyarka ce ta ce mini, “Malam, ka mai da su matan sarki, ga ci ga kwanciya, me zai sa su haihu?” Jikin da aka gina don ajiya, in ka cika shi ka hana shi tafiya, ajiyar zai yi ta yi har ta toshe komai. Sai da na kwance su suka koma bin jeji, suka zube suka koma muninsu, sannan ƴaƴa suka fara zuwa.

Inda za ka akwai ciyawa, akwai fadama, kuma cikinsu ya daɗe bai ga ɗanye ba. Kada ka sake su su afka masa rana ɗaya, kumburin ciki ya fi yunwa saurin kisa. Ka fara ba su busasshe, kara ko ƙaiƙayi, sannan ka bar su su ɗan taɓa ɗanyen, kullum kana ƙarawa. Ka kuma sani ƙarfinsu na nan ne, ba na can ba. Ƙafar da ta saba da rairayi in ta daɗe cikin laka kofato ruɓewa yake, ciyawar fadama mai raɓa kuwa tsutsa take sa musu a hanta. A can tumakin Sale sun fi naka, kada ka yi musu da kowa a kan haka. Ka nemi jigawa ka zauna da su, ka bar rana ta ɗaga kafin ka sake su, kanwar da na ɗaure maka a tsumma ka riƙa jiƙa musu kaɗan-kaɗan.

Sai kuma na wuce gona da iri ta ɗaya gefen. Tsoron baƙon jini ya sa na rufe garken ruf, uba ya hau ƴa, ɗa ya hau uwa, ina cewa ina tsare irin Inna. Ƴaƴan suka fara zuwa ƙanana, wani baki a karkace, wani ya kasa tsayawa ya sha nono. Mushe Sumana ne ya sake ceto ni, ya ce jini in ya yi ta zagaya gida ɗaya, aibin da ke kwance a ɓangarorin biyu haɗuwa yake ya tashi. Na hau jaki na je Garagumsa wajen dangin Inna, na tarar da sauran irin a hannun wata ƴar ƙanwarta, muka yi musayar raguna. Ɗan ragon da ke tare da kai, mai tsagaggen kunne, jikan na can ne. Da shi da tsohuwar tunkiyar nan mai tabo a cinya, su ne na ƙarshe da za ka saki. In su biyun nan suka ga damina, garke ya dawo.

Saura abu ɗaya, shi ne wanda ya fi yi mini wuyar rubutawa.

Wannan iri yana da aibi, kuma aibin daga ƙarfinsa yake. Tunda ajiyarsu a ɓoye take, ƙarewarta ma a ɓoye take. Balami in zai mutu yana ba ka sanarwa tun da wuri. Ta Inna kuwa tana tafiya, tana tuƙa, tana bin ƴan'uwanta rijiya, har ranar da abin cikin ya ƙare, ta kwanta sau ɗaya ba ta sake tashi. A ƙarshen farin farko akwai wadda na fi so cikin waɗanda Ɗan Tani ya mayar mini, ita ce Inna ke ba ɓawon wake da hannunta. Wata safiya na ga ta yi jinkirin tashi. Mahaifiyarka ta ce, “Malam, a sa mata wuƙa, gidan nan an kwana biyu ba a ga maiƙo ba.” Na ce a'a, irin nan ba su faɗuwa, gajiya ce. Na tafi neman mata ƴaƴan gawo. Kafin in dawo ta mutu, ba yanka. Na ja ta da igiya zuwa bayan gari na bar wa ungulu, na dawo na tarar da mahaifiyarka tana dafa tafasa ba gishiri, kana bayanta kana kuka. Ta zuba mini nawa ta ajiye a gabana. Har yau da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ina gaya maka wannan ne don na san wanda na haifa. Ban manta shekarar da kurkunu ya kama ka a ƙafa ba, ka ɗaure da tsumma ka yi ta noma ba ka gaya wa kowa ba, sai da muka tsince ka kwance tsakanin kunya. Kai ma ba ka nuna ka ƙare. Na kuma san abin da ke ranka yanzu: tsoho ya damƙa maka tumakin uwarsa, gara ka faɗi a hanya da ka dawo hannu wofi. Ina jin tsoron ranar da za ka kwance garin guzurinka ka dama musu, kai ka sha ruwa ka ɗaure ciki. Ina jin tsoronta fiye da yadda nake jin tsoron mutuwarsu.

Don haka ka zuba hannu ƙasan burgaminka, ƙarƙashin ƙullin kanwa. Wuƙata ce ta layya, na wasa ta da kaina. Duk wadda ta yi jinkirin tashi, kada ka tafi neman mata komai, ka fuskantar da ita gabas ka yi bisimilla, ka ci, ka ba na kusa da kai. In abin ya kai ga mai tabo a cinya, ka yanka. In ya kai ga ɗan ragon, ka yanka. Duk abin da na rubuta a sama ina so ka yi shi iyakar ƙarfinka, amma ba da ranka ba. Na yafe maka su tun yanzu, dukansu, duniya da lahira, kuma ba wanda zai tambaye ka lissafinsu a gidan nan. Na yi rashin uwa na jure, zan iya jure rashin tumakinta. Naka ne ban san yadda zan yi da shi ba.

Ka gaida kawunka Sale da mutanen gidansa, ka ce ina ba shi amanar baƙo biyu, mai ƙafa biyu da masu ƙafa huɗu, ya fi kula da na farkon. Mahaifiyarka tana sa maka albarka. Iyalinka suna hannunmu, abin da muka ci shi za su ci. In ka samu mai zuwa kasuwar Mirriya ka aiko da baki, ko da kalma ɗaya ce.

Allah ya sassauta maka rana, ya kusanto maka da rijiya, ya haɗa ka da mutanen kirki a kowane zango. Allah ya jiƙa ƙasar nan, ya dawo mana da kai da ƙafarka.

Ni ne mahaifinka,
Ilu na Inna